Darasi Na 14: Yadda Ake Kiwon Babur

Mai doki ya san cewa doki ba ya kiwon kansa. Sai an ba shi harawa da ruwa, an duba kofatonsa, an share masa muri. To, haka babur yake. Shi ma yana da ci da sha da numfashi. Fetur ne abincinsa, baƙin mai ne jininsa, iska kuwa ita ce numfashinsa.

An ƙera babur na farko mai shan fetur a ƙasar Jamus cikin shekarar 1885. Yanzu babur iri-iri ne. Akwai na aiki, wanda muke kai hatsi kasuwa da shi, kamar Bajaj da Jincheng. Akwai kuma na tsere, mai tsananin gudu, kamar dokin sukuwa. Injin na tsere yakan juya fiye da sau 10,000 cikin minti ɗaya, saboda haka ya fi saurin lalacewa in an yi sakaci. Amma kiwonsu duka iri ɗaya ne.

Ku lura, babur ba ya zaɓen ranar mutuwa. Yakan tsaya a daji da dare, ranar da aka ɗauko mai naƙuda za a kai ta asibiti. Don haka ne muke wannan darasi.

Baƙin Mai

A cikin inji akwai ƙarafa da ke gogar juna da sauri. Baƙin mai shi ne ke shiga tsakaninsu, ya hana su cin juna, ya kuma rage zafi. In ya ƙare, ko ya tsufa ya cika da datti, sai ƙarafan su yi zafi su kame. Shi ne ake cewa inji ya buga. Gyaransa yakan ci kuɗi mai yawa.

Kowace safiya, kafin ka tayar, tsayar da babur sosai a wuri mai daidai. Zaro ma'aunin mai, ka goge shi da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinsa. Mai ya tsaya tsakaninsu. Ƙaramin babur yana shan wajen lita 1. Sabon babur a juye masa mai bayan kilomita 500 na farko. Bayan haka, a hanyoyinmu masu ƙura, kada ka wuce kilomita 2,000. Juye shi lokacin da inji ke da ɗumi, don ya fita da dattinsa. Tsohon mai kuwa kada a zubar kusa da rijiya.

A nan karatu zai yi maka rana. A agogon babur akwai lambobi masu ƙirga tafiya. Ranar da ka juye mai, rubuta kwanan wata da lambar a ɗan littafi. Wanda bai iya karatu ba sai dai ya yi kintace, kai kuwa kana da shaida.

Matatar Iska

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji, musamman da hunturu. In ta shiga, takan gauraya da mai ta riƙa cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Matatar iska ce ke tare ta. In ta soso ce, cire ta, ka wanke da kananzir, ka matse, ka bari ta bushe, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan, sa'an nan ka mayar. In ta takarda ce, ba a wanke ta, sai a canza. Kada ka taɓa hawan babur ba matata.

Fulogi

Fulogi shi ke ba da tartsatsin da ke kunna fetur. Bari inji ya huce, ka kwance shi ka dubi bakinsa. In ruwan ƙasa ne, lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa ko matata ta toshe. In ya jiƙe da baƙin mai, kuma hayaƙi yana fita shuɗi, ciwon yana cikin inji. Riƙa yawo da fulogi guda na ajiya.

Sarƙa

Taɓa sarƙa a tsakiya, ka ɗaga ta da yatsa. Ta motsa kamar faɗin yatsu biyu, wato santimita 2 zuwa 3. In ta yi sako-sako za ta zame. In ta yi tsauri za ta cinye haƙoran da take hawa. Sa mata mai bayan kowane kilomita 500, da kuma bayan tafiya cikin ruwan sama. Amma kashe inji tukuna. Sarƙa mai juyawa tana datse yatsa nan take.

Taya Da Birki

Auna iskar taya da safe, kafin ta yi zafi. Je wurin mai faci ya auna da ma'auni, kada ka dogara da matsawa da hannu. Taya wadda zanenta ya suɗe takan yi santsi a laka, a canza ta. Gwada birkin gaba da na baya tun kana ƙofar gida. Kada mai ko giris ya taɓa birki. Ka kuma sa hular kwano, kai da wanda ka goya.

Waɗannan duka kai za ka yi da hannunka. Amma buɗe cikin inji aikin bakanike ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In ka ji baƙuwar ƙara, kashe babur, ka tura shi wurin wanda ya koyi aikin.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin baƙin mai a cikin inji?
2. Yaya ake wanke matatar soso?
3. Don me ake kashe inji kafin a sa wa sarƙa mai?
4. Mutum yana tafiyar kilomita 50 kowace rana. Bayan kwana nawa zai cika kilomita 2,000?
5. Rubuta waɗannan kalmomi a allonka: babur, sarƙa, ƙura, birki, taya.