Nazarin Littafi Mai Tsarki: Bugun ƙirji a gaban Allah

Mu karanta Luka 18:9-14.

A wurinmu, in aka ce mutum ya bugi ƙirji, fahariya yake yi, yana cewa shi zai iya. A Misar Katolika kuwa ma'anar ta juya. Sa'ad da jama'a suke furta zunubansu a farkon Misa, kowa yakan bugi ƙirjinsa don ya nuna laifin nasa ne, ba na maƙwabcinsa ba. A tsohon tsarin Latin sau uku ake bugawa.

Mun ga wannan a wurin mai karɓar haraji. Ya tsaya daga nesa, bai ko ɗaga ido sama ba, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Shi ne ya koma gida baratacce, ba Bafarisiyen ba.

Amma hannu yana iya bugun ƙirji alhali zuciya ba ta tuba ba.

Don tattaunawa:

• In rikici ya tashi a kan gona ko rijiya, laifin wa muke fara ambata?

• Wa ya kamata mu nemi gafararsa kafin sujadar Lahadi mai zuwa?