Darasin Lafiya: Tsatsar Jiki da Abincin da Ke Kare Mu

Duk manomi ya san abin da ke samun hauya idan aka bar ta a raɓa: tsatsa ce ke cin ta sannu a hankali. Haka dankali ke yin duhu idan an yanka shi an ajiye. Iskar da muke shaƙa, wato oksijin, ita ce ke wannan aiki, kuma a jikinmu ma tana yin irinsa.

Yadda ɓarnar ke aukuwa

A lokacin da jiki ke ƙona abinci domin samun ƙarfi, yakan haifar da wasu ƙananan ƙwayoyi da masana ke kira radikal. Kowace ɗaya tana da giɓi, sai ta fizgi abin cike giɓinta daga ƙwayoyin halittar jikinmu, ta bar su da rauni. Kaɗan daga cikinsu na da amfani, domin da su jini ke kashe wasu ƙwayoyin cuta. Amma idan suka rinjayi garkuwar jiki, ɓarnarsu na da hannu a ciwon zuciya, da yanar ido, da ciwon daji. Tun a 1956 wani masani ɗan Amurka, Denham Harman, ya danganta su da tsufa. Hayaƙin taba, da na itace a rufaffen ɗaki, da maganin feshi, da man suya da aka yi ta maimaitawa, duk suna ƙara yawansu.

Garkuwarmu tana cikin garka

Jiki na da tasa kariya, abinci kuma na ƙara masa wasu sinadarai, antiyoksidan, masu cike giɓin kafin a yi ɓarna. A ƙasar Tamaske, Keita, Buza da Madawa ba sai mun je nesa ba. Garin ƴaƴan kuka da lemun tsami da gwaba suna da bitamin C. Gyaɗa da manta suna da bitamin E. Zogale, karas, mangwaro da kabewa suna da karotin. Jar albasarmu irin ta Galmi ma tana da nata, mafi yawa a ɓawon sama, saboda haka kada mu zurfafa ɓara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace kullum.

Hattara da ƙwayoyin kasuwa

Ƙwaya ba ta maye gurbin miya. A 1994 wani bincike a ƙasar Finlan, kan mashaya taba fiye da 29,000, ya nuna waɗanda aka bai wa ƙwayar karotin sun fi kamuwa da dajin huhu. Kada mu sha sai da umarnin likita.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu shanya zogale da kuka a inuwa, domin rana na rage musu amfani.
2. Kada mu bar ganye ya daɗe bisa wuta.
3. Mu sa ƙuli-ƙuli ko ɗan mai a kwaɗo, domin da mai jiki ke karɓar karotin.
4. Mu yi girki inda iska ke ratsawa.
5. Kafin a loda albasa da tumatur zuwa kasuwa, mu ware rabon gida.

Tambayoyi ga ɗalibai

Mene ne ke ƙara yawan radikal a jiki? Don me ake shanya ganye a inuwa?