Baƙin Dutse Mai Nauyi

Hutun da ya wuce na je gida Kanya Babba, na tarar kawuna ya dawo daga cin rani a Ririwai, ta ƙasar Doguwa a Jihar Kano, inda ake haƙar kuza. Ya zo da wani ɗan baƙin dutse mai sheƙi, bai fi goro girma ba, amma nauyinsa ya ba ni mamaki. Da na kawo shi makaranta, malaminmu na kimiyya ya ce wulfuramait ne, wato uwar ƙarfen da ake kira tangistan.

Shi dai tangistan alamarsa W, lambarsa 74. Babu ƙarfen da ya kai shi jure wuta, don ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422. Saboda haka ne aka yi zaren ƙwan lantarki irin na da da shi, kuma ana sa shi a bakin injin huda dutse. Wasu 'yan'uwa biyu, Elhuyar, su suka fara tace shi a Sifen a shekarar 1783.

To, yaya cikin dutsen yake? Ƙwayoyin zarra a jere suke, kamar tubali a jikin soro. A wulfuramait, kowace ƙwayar tangistan ƙwayoyin oksijin shida ne suka kewaye ta, tare da baƙin ƙarfe ko manganis. Akwai ɗan'uwansa shilait, CaWO4, wanda a cikinsa oksijin huɗu ke kewaye tangistan, takwas kuma ke kewaye kalshiyam.

A nan ne sinadaran da ake wa laƙabi da "masu wuyar samu" suke shigowa. Su 17 ne, irin su seriyam da itiriyam. Girman ƙwayarsu ya yi kusa da na kalshiyam, don haka sukan zauna a gurbinsa, kamar yadda magini kan sa tubalin da ya yi daidai da rami. Amma cajin kalshiyam biyu ne, nasu uku. Domin lissafi ya daidaita, sai biyu daga cikinsu su maye gurbin kalshiyam uku, gurbi ɗaya ya zauna wayam.

Su ma muna da su a ƙasarmu. Suna cikin monazait, yashin da kan rage bayan an wanke kuza a Jos, kuma da irinsu ake yin maganaɗisun wayar hannu. Sai dai monazait na ɗauke da toriyam mai fitar da tururi mai cutarwa, bai kamata a yi gini da shi ba.

Kawuna ya shiga rami mai haɗari, ya sayar da abin da bai san sunansa ba a kan farashin da dillali ya yanka. Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu dage da karatun kimiyya, domin rashin sani ya fi dare duhu.