Daidaita Katako da Filen: Darasi ga Mai Son Yi wa Ɗansa Allo

Makarantun ƙarshen mako sun yawaita a nan Ingila, amma allo ya yi wuya. Wanda aka yi tsarabarsa daga gida sau da yawa yakan tsage ko ya lanƙwashe idan ya sha zafin ɗaki a lokacin hunturu. Wanda ya iya daidaita katako da hannunsa ya huta da jiran matafiyi. A gida masassaƙi da gizago yake fitar da allo, galibi daga icen aduwa. A nan kuwa abin da ke hannunmu shi ne filen, wato magogin hannu na kafinta.

Kafin komai, zaɓen katako. Ka nisanci wanda aka jiƙa da maganin ƙwari don shinge ko rumfar waje, wanda yakan yi launin kore-kore, da kuma katakon dakon kaya mai tambarin MB. Yaro yana taɓa allo ya kai hannu baki, wasu gidajen kuma ana shan rubutu. Icen beech, wanda ake yin katakon yanka nama da shi, ya fi dacewa, domin jikinsa a matse yake, tawada ba ta nashewa. Idan ka saya, ka jingine shi cikin ɗaki mako biyu ya saba da iskar gidan. In ka yi gaggawa, ka daidaita yau, jibi ya murɗe.

Filen ɗaya ya ishe ka. Lamba 5 a jerin kamfanin Stanley, mai tsawon inci 14, yana cin tudu kuma yana gyara fuska. Tsofaffinsa suna nan a kasuwannin gwanjo da araha. Lamba 7 mai inci 22 na ƙofofi da tebura ne, allo bai kai can ba. Ka wasa wuƙarsa a kan kusurwar digiri 25 zuwa 30 har ta aske gashin hannu. Rabin wahalar mai koyo daga dakusasshiyar wuƙa take, shi kuwa yana zargin ƙarfin damtsensa.

Yanzu ga zuciyar darasin. Filen ba ya cike kwari, tudu kawai yake ragewa. Saboda haka aikin ido ya riga aikin hannu. Ɗora katakon a kan tebur, ɓangaren da ya lotsa yana ƙasa, don ya zauna a kan gefunansa biyu bai yi rawa ba. In har yana motsi, cusa 'yar takarda a ƙarƙashin kusurwar da ta ɗaga, sannan ka kafa masa abin tokare a gaba. Aza rula ta ƙarfe a faɗinsa da tsawonsa, ka duba ta inda haske ke ratsowa. Inda rular ta taɓa, nan ne tudu. Ka zana masa fensir.

Murɗewa ta fi wuyar gani, kuma ita ce take ɓata wa masu koyo aiki. Samu sanduna biyu miƙaƙƙu masu kauri ɗaya, ka gitta ɗaya a kan katakon, ɗaya a gindinsa. Durƙusa har idonka ya daidaita da su, kamar mai duban jinjirin wata a bakin katanga. Idan samansu ya yi layi ɗaya, babu murɗa. Idan ɗaya ta karkata, kusurwoyi biyu masu kallon juna a karkace sun yi tudu, kuma su kaɗai za ka ci. Tsawon sandunan ne yake ƙara girman kuskuren har ido ya kama shi.

Fara gogewa a gicciye, kana yanke kwanciyar icen, bayan ka ɗan fiƙe gefen da wuƙa za ta fita don kada ya ɓantare. Danna goshin filen yayin shiga, ka mayar da nauyi bayansa yayin fita, in ba haka ba bakunan katakon za su zaizaye tsakiya ta yi doro. Bayan kowace gogewa kaɗan, ajiye filen ka sake aza rula. Na fi yarda da mai yawan dubawa a kan mai yawan gumi.

Idan fensir ya goge ko'ina, janye wuƙar har sassaƙen ya zama siriri kamar takarda, ka bi kwanciyar icen daga kai zuwa gindi. In fuska ta fara yagewa, juya katakon ka biyo ta ɗaya ɓangaren. Sai ka zana kaurin da kake so, kamar milimita 12, a gefuna huɗu, ka ci bayan har ka kai layin. Ka rage daga fuskokin biyu gwargwadon juna, domin cin gefe ɗaya yakan sa katako ya sake lanƙwasa.

Kada ka shafa masa mai ko fenti, tawada ba za ta kama ba. Ka jiƙa shi da ruwa, ya bushe, ka goge gashin da ya tashi da sanfefa mai laushi, sannan ka miƙa wa malam ya rubuta wa yaro Fatiha.