Jama'a Na Ƙaruwa, Gona Na Nan Yadda Take: Shawara Ga Magidantan Birnin Kudu Da Gwaram

A ƙidayar shekarar 2006 an samu mutum sama da dubu 310 a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, wadda ta fi kowace ƙaramar hukuma a Jigawa yawan jama'a a lokacin, sai kimanin dubu 270 a Gwaram. Ba a sake ƙidaya ba tun daga nan, domin wadda aka shirya a 2023 ɗage ta aka yi. Amma lissafin ba ɓoyayye ba ne. Al'ummar da ke ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100 duk shekara takan ninka kanta cikin shekara 24 ko makamancin haka. Ke nan wajajen 2030, waɗannan ƙananan hukumomi biyu za su riƙe mutum fiye da miliyan ɗaya, a kan ƙasar noman da ba ta ƙara ko taku ɗaya ba.

Jama'a rahama ce, kuma wani ɓangare na wannan ƙaruwa abin godiya ne, tunda rigakafi ya rage yaran da ƙyanda da tarin shiƙa ke ɗaukewa. Inda gizo ke saƙar shi ne saurin ƙaruwar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen Jigawa takan haifi 'ya'ya bakwai a rayuwarta, alhali a Najeriya baki ɗaya adadin bai wuce biyar da ɗoriya ba. Dalilan sanannu ne: aurar da yarinya da wuri, buƙatar hannaye a gandu, fargabar mutuwar yara, da kuma gasar haihuwa tsakanin kishiyoyi saboda rabon gado.

A gona ake fara ganin abin. Ɗauki magidanci mai eka takwas da ya rasu ya bar 'ya'ya goma. Bayan an raba gado, abin da kowa zai samu ba zai ci da gida har wata damina ba, jikoki kuma sai dai aro ko jingina. Gonar da a da ake bari ta huta, yanzu duk shekara sai an noma ta, ta gaji, ba ta bayarwa sai da takin zamani mai tsada. Mai neman ƙari sai ya shiga daji ko ya ci burtali, daga nan rikici da makiyaya ya tashi lokacin kaka. Itatuwa na tafiya a gawayi, ruwan sama ya samu ƙasa tsirara ya yi ta zaizaya. Samari kuwa da an gama girbi sai ci-rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Legas.

Sai jikin uwa. Matar da ke kwanika, ga goyo ga ciki, jininta ba ya komawa daidai kafin wata haihuwar, shi ya sa take cikin haɗarin zubar jini da haihuwar bakwaini. Na goye kuma a yaye shi ba shiri. Binciken nan na 2018 ya gano cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wannan ita ce haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

To, mene ne abin yi?

Na farko, tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki. Wannan ya dace da shayarwar shekara biyu da Alƙur'ani ya ambata, malamai da dama kuma sun halatta tazara bisa yardar miji da mata, suna kafa hujja da azalu da sahabbai suka yi. Shayarwa kaɗai tana hana ciki ne in sharuɗɗa uku sun cika: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya ya warware, a nemi wata hanya. Akwai ƙwayoyi, akwai allurar wata uku, akwai ashanar fata mai kai shekara uku zuwa biyar, akwai robar mahaifa. Wasu sukan rikita al'ada, wannan ba alamar an kashe mahaifa ba ce, in an daina haihuwa na dawowa, sai dai allura kan ɗan jinkirta ta. Kada a saya a kemis da ka. A je asibitin mazaɓa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a auna hawan jini, a zaɓa wa mace wanda jikinta zai ɗauka. Malam maigida, ka raka ta da ƙafarka, domin yawancin matan da ke son hutu izininka kawai suke jira.

Na biyu, a bar yarinya ta gama sakandare. Shekarun nan suna ba ƙugunta damar ƙwari, su rage mata haɗarin yoyon fitsari, kuma uwa mai karatu ta fi kai ɗanta rigakafi. Bangaladash, ƙasar Musulmi ce mai cunkoso, ta sauko daga haihuwa kusan bakwai zuwa kimanin biyu cikin shekaru arba'in, ba da tilas ba, ta hanyar tallafin karatun 'yan mata da ma'aikatan lafiya mata masu bi gida-gida.

Na uku, a daina yayyanka gona har ta tashi aiki. Magada na iya sanin kason kowa a rubuce, su ci gaba da noma ta a haɗe suna raba amfani. A riƙa haɗa gero ko dawa da wake da gyaɗa, a koma ga takin gida, mai fadama ya riƙe noman rani. Kowane gida kuma ya koya wa wasu 'ya'yansa sana'ar da ba ta buƙatar fili, kamar walda, ɗinki, gyaran babur ko sarrafa riɗi da gyaɗa kafin a kai kasuwar Sara.

Hakimai, dagatai da limamai na masarautar Dutse su ne mutane ke saurare, su ya kamata su buɗe maganar a majalisa da wajen wa'azi. Hukuma kuma ta tabbatar kayan tazara ba sa yankewa a asibitocin karkara kamar na Basirka, Fagam da Sundimina, ta shata burtali, ta kuma gina aji gwargwadon yaran da aka haifa bana, domin nan da shekara shida za su zo neman benci.

Ana yawan cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne. Amma ciyarwa, tufatarwa da tarbiyya amana ce da aka ɗora wa uba, kuma shi za a tambaya. Ku zauna da uwargida tun tana jego ku yanke lokacin da za a yi wa jaririn ƙane, sannan ku tafi da maganar wurin ma'aikaciyar lafiya ranar rigakafin mako shida.