Zomo: Suna Ɗaya, Dabba Biyu

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sashen noma masu shirin kama kiwon zomo bayan difloma, ku zo mu ɗan tona wannan kalma.

Mu fara da nahawu. Zomo namiji ne, shi ya sa muke cewa "zomon nan". Macen ita ce zomanya, kamar zaki da zakanya, sai mu ce "zomanyar nan". Jam'i kuwa zomaye. Me ya hana a ce zomame? Sirrin yana gaɓar farko. In wasalinta gajere ne, baƙin ƙarshe ake maimaitawa: damo, damame, wuri, wurare. In kuwa da ja ake faɗinsa, sai "y" ta shigo: kifi, kifaye, ɓera, ɓeraye, zomo, zomaye.

Kalmar ba aro ba ce daga Larabci, don su Larabawa arnab suke cewa. Asalin mai sunan shi ne na daji, irin wanda mu 'yan Doguwa da Tudun Wada muka saba gani ya ƙeta gona a gefen dajin Falgore. Karin magana ma shi ta sani: kowa ya ci zomo ya ci gudu, zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Na keji kuwa baƙo ne, asalinsa Turai, ya iske suna ya shige ciki. Mutanen ƙasar Ailan ba haka suka yi ba. Nasu na daji giorria suke ce masa. Da Normawa suka shiga ƙasar bayan 1169 suka kawo ɗayan, sai aka aro masa suna daban, coinín, wanda tushensa Latin ne.

To, ina ruwan mai kiwo? Ai da ruwansa! Zomanyar gida cikinta kwana 31 ne ko kusa, 'ya'yanta ba gashi, ido a rufe, dole a tanadar mata akwatin haihuwa. Ta daji takan kai wajen kwana 42, 'ya'yanta da gashinsu da idonsu a buɗe. Kuma ba sa barbara su haihu da juna.

Saboda haka in mafarauci ya tallata maka zomo da araha a Kwanar Dangora, wallahi ka tambaye shi: wanne? Haka in kana rubuta furojet, ka fayyace tun daga shafin farko, na gida ko na daji.