Kyanwa da katifar amarya

Lokacin ɗari ne a Sassumbrum. An gama girbin hatsi, rumbuna sun cika. A gidan su Sani ana shirin bikin yayarsa Rabi. Saura kwana 10 a kai amarya. Baba ya sayar da gyaɗa, ya sayo mata katifa da matasai daga Magarya. An cika su da audugar rimi. Inna ta jera su a ɗaka, ta ja ƙofa.

Ashe kyanwar gidan tana ƙarƙashin gado. Nan ta kwana a rufe. Da safe Inna ta buɗe ɗaki, sai zarni ya buge ta.

— Wayyo ni, katifar amarya!

Rabi ta fashe da kuka. Baba ya ɗauko sanda, ya ce yau kyanwar nan za ta bar masa gida. Inna kuwa ta ɗauko kasko da turaren wuta. Sai Kaka ta fito ta ce:

— Kai, aje sandan nan. Wa ke tsare maka rumbu daga ɓeraye? Ai ku kuka rufe ta. Ke kuma mai da turarenki. Turare ba ya wanke fitsari, rufe shi yake yi, gobe ya dawo.

Aka fito da katifa tsakar gida. Kaka ta danna tsumma a wurin da ya jiƙe. Ta sa reza ta farke ɗinki. Ta ciro audugar da fitsari ya taɓa, ta ce a zubar.

Sani ya ce:

— Kaka, me zai hana mu wanke katifar gaba ɗaya?

— Jikana, audugar rimi ba ta son wanki. In ruwa ya shige ta sai ta dunƙule, ta daɗe ba ta bushe ba, ta yi hunhuna.

Rabi ta wanke rigar katifa. Sani ya baza sauran auduga a kan tabarma cikin rana. Ya rufa mata gidan sauro don kada iska ta kwashe ta. Bayan kwana 3 Kaka ta ƙara sabuwar auduga, ta ɗinke. Inna ta sa hanci ta sunsuna, ba ta ji komi ba. Ranar biki aka kai katifa ɗakin Rabi. Kyanwa kuwa tana nan gindin rumbu tana aikinta.

Me ya sa fitsarin kyanwa ke da zarni haka?

Kakannin kyanwarmu kyanwoyin daji ne na busassun ƙasashe. Jikinsu ya saba da tattalin ruwa. Saboda haka fitsarin kyanwa kaɗan ne, amma mai ƙarfi.

A cikin fitsari akwai wani sinadari mai suna ure. Shi ne ke cikin farin takin zamani da ake zubawa a gona. In fitsari ya jima, ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sukan juya ure ya zama amoniyak. Amoniyak shi ne iskar da ke yi mana yaji a hanci.

Kyanwa tana da wani sinadari kuma, ana kiransa felinin. A shekarar 1953 wani masani ya gano shi a Ingila. Akwai farar wuta a cikinsa. In ya kwana sai ya rikiɗe ya ba da wari mai naci. Muzuru ya fi macen kyanwa yawan felinin, shi ya sa fitsarinsa ya fi wari.

Hancin kyanwa ya fi namu nesa ba kusa ba. In ɗan wari ya saura, za ta ji shi, ta koma ta sake yi a wurin. Dalilin ke nan da ya sa sai an fitar da fitsarin ƙaƙaf.

Mu san abin da ke cikin katifa

Audugar rimi tana fitowa daga ƴaƴan itacen rimi. Kowane sili nata yana da rami a ciki, cike da iska, bayansa kuma yana da santsin kakin zuma. Don haka ba ta da nauyi, kuma takan yi iyo bisa ruwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, da ita aka riƙa cika rigunan ceto na matuƙan jirgin ruwa. Amma wankin sabulu yana ɓata ta.

A ƙasashen sanyi, kamar Faransa, akan cika bargo da matashi da lallausan gashin agwagwa ko na dinya. Shi ana iya wanke shi da ruwa maras zafi da sabulu kaɗan. Sai dai wajibi ne ya bushe sarai, a kuma warware shi, in ba haka ba ya yi wari.

Katifar soso ba a farke ta. Akan zuba ruwa a wurin, a matse, a sake zubawa, har zarni ya fita.

Yadda ake yi

1. A yi hanzari tun fitsari bai bushe ba.
2. A danna busasshen tsumma ya tsotse. Kada a goga, guga tana tura fitsari ciki.
3. A farke ɗinki, a cire audugar da ta jiƙe, a zubar.
4. A ɗauraye rigar katifa da ruwan sanyi.
5. A haɗa kofi 1 na binegar da kofi 1 na ruwa, a jiƙa wurin minti 15. In babu binegar, ruwan lemun tsami ya isa. Tsami yana kashe ƙarfin amoniyak.
6. A wanke da sabulu, a ɗauraye sau 2, a shanya a rana.
7. In komi ya bushe, a sunsuna. In da sauran zarni a sake wanki, in babu a ɗinke.
8. A wanke hannu da sabulu.

A kula

Kada a zuba ruwan jabel a kan fitsari. In ya gamu da amoniyak yakan tada iska mai guba, mai cutar da ido da huhu.

Kada a shanya audugar rimi kusa da murhu. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ta.

Kada a doki kyanwa. A duba ɗaki kafin a rufe, a tanadar mata wuri mai yashi. In tana yawan fitsari kaɗan kaɗan, ko da jini, ba ta da lafiya, sai a kai ta wurin likitan dabbobi.

Ma'anar kalmomi

Zarni: warin fitsari.
Muzuru: namijin kyanwa.
Hunhuna: baƙin tabo ko furfurar da ke fitowa a jikin abu mai laima.

Tambayoyi

1. Laifin wa ne da kyanwa ta yi fitsari a ɗaka?
2. Me ya sa Kaka ta hana a yi turare?
3. Daga ina amoniyak ke fitowa?
4. Don me ba a wanke audugar rimi?
5. Mene ne amfanin kyanwa a gidan manomi?

Aiki

Ku cika kwano da ruwa. Ku saka ƴar audugar gona da ƴar audugar rimi a ciki. Wace ce ta nutse? Ku rubuta abin da kuka gani cikin jimla 3, ku karanta wa malam gobe.